Tarihin 'Yan Sha'awa a Tseren Motoci na Dogon Zango

Tseren dogon zango gasar motoci ce da ake yanke wa lokaci, awa 6 ko 12 ko 24, kuma motar da ta fi yawan zagaye kafin lokacin ya cika ita ce zakara. Da yake da wuya mutum ɗaya ya iya wuni da kwana a kan sitiyari, direbobi biyu zuwa huɗu ne ke karɓa-karɓa a mota guda. A bayansu akwai makanikai da masu zuba mai da masu canza taya da mai lissafin zagaye, waɗanda ke jira a rumfar gyara da ke gefen hanya. Tun farkon wannan wasa, da yawa daga cikin masu shiga ba tsere ne sana'arsu ba. Akwai likitoci da dillalan motoci da masu gareji da 'ya'yan attajirai, waɗanda ke sayen mota da kuɗinsu su tara abokai su shiga. Su ake kira 'yan sha'awa, ayarin da ba na kamfanin ƙera motoci ba kuwa ana ce masa ayari mai zaman kansa.

Mafarin abin a Le Mans

An fara tseren awa 24 na garin Le Mans da ke yammacin Faransa a ranakun 26 da 27 ga Mayu, 1923, a ƙarƙashin ƙungiyar masu motoci ta Automobile Club de l'Ouest. Manufar ita ce a gwada ƙarkon motocin da ake sayar wa jama'a: injinsu da birkinsu, musamman ma fitilunsu, domin tuƙin dare abin fargaba ne a wancan zamani. An yi tseren a kan hanyoyin ƙauye da aka rufe, zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 17. Motoci 33 suka tashi, André Lagache da René Léonard suka zo na farko a cikin Chenard & Walcker, bayan sun ci kilomita 2,200 da 'yan kai.

Dokokin farko sun yi wa ɗan sha'awa daɗi. Dole motar ta kasance irin wadda ke kasuwa, kayan gyara su kasance a cikinta, kuma direba ne da kansa ke yin gyaran. Saboda haka mai mota mai kyau wanda ya iya riƙe sifana yana da abin da zai nema.

Labarin John Duff ya nuna yadda abin yake. Ɗan Kanada ne mai dillancin motocin Bentley a Landan, kuma shi ya shigar da motarsa a 1923 bisa raɗin kansa. Mai kamfanin, W. O. Bentley, bai yarda akwai motar da za ta jure awa 24 tana gudu ba, amma ya ba shi aron direban gwajinsa, Frank Clement. Ana cikin tsere dutse ya huda tankin mai, motar ta mutu nesa da rumfa. Duff ya dawo da ƙafa, Clement ya ari keke, ya rataya galan-galan na mai ya koma, aka toshe hujin aka ci gaba. Duk da haka sun ƙare a na huɗu, a shekara ta gaba kuma suka lashe gasar.

Daga nan aka sami gungun attajiran Ingila masu tuƙa Bentley. Dudley Benjafield likita ne, Sammy Davis kuma ɗan jarida. Su biyu suka yi nasara a 1927 da motar da ta yi karo da magariba, suka kwana suna tuƙa ta a lanƙwashe da fitila ɗaya. Woolf Barnato, wanda ya gaji dukiyar lu'ulu'u ta Afirka ta Kudu, ya zuba kuɗinsa a kamfanin, ya kuma lashe gasar sau uku a jere, 1928 da 1929 da 1930. Mata ma ba a bar su a baya ba. A 1930 Marguerite Mareuse da Odette Siko sun zo na bakwai a cikin Bugatti, a 1932 kuma Siko ta zo ta huɗu a cikin Alfa Romeo.

Bayan yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu da ɓarnarsa sun tsayar da gasar daga 1940 zuwa 1948. Da aka dawo a 1949, motar Ferrari da ta yi nasara mallakar wani basaraken Ingila ce, Lord Selsdon, wanda ya ɗan taɓa tuƙi kaɗan ya bar wa Luigi Chinetti sauran. Wannan tsari na mai kuɗi ya sayi mota gwani ya ja ta, har yau shi ne ginshiƙin ayari masu zaman kansu. A 1950 Louis Rosier, mai gareji a garin Clermont-Ferrand, ya tuƙa Talbot-Lago fiye da awa 23 shi kaɗai, ya tsaya ya gyara injin da hannunsa, ɗansa Jean-Louis ya karɓe shi na ɗan lokaci, suka lashe. Bayan shekara biyu Pierre Levegh ya so maimaita irin wannan bajinta, amma injinsa ya fashe saura kamar awa ɗaya a tashi, alhali yana kan gaba. Daga baya aka taƙaita lokacin tuƙi. A yau direba ba ya wuce awa 4 a cikin kowace awa 6, ba ya kuma wuce awa 14 a duk tseren.

A shekarun 1950 manyan kamfanoni irin su Jaguar da Mercedes-Benz da Ferrari suka mamaye fagen, gudu ya ƙaru ƙwarai. A 1955 motar Mercedes da Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu har da shi kansa. Mercedes ta janye daga tsere a ƙarshen shekarar, aka sake fasalin rumfunan gyara da wurin 'yan kallo. A wannan tsakanin ne wani ƙaramin ayari daga Edinburgh ta Sikotlan, Ecurie Ecosse, ya yi suna. David Murray ne ya kafa shi tare da bakanike Wilkie Wilkinson a wani lungun gareji, kuma da motocin Jaguar suka lashe Le Mans a 1956 da 1957.

Mota mai ƙarfi a hannun wanda bai ƙware ba tana da nata hatsarin. Daga 1925 al'adar tashi ita ce direbobi su jeru a tsallaken hanya, su sheƙa da gudu su faɗa mota su tayar, da yawa ba su tsayawa ɗaura bel. A 1969 Jacky Ickx ya ƙi yin gudun, ya taka a hankali ya ɗaure jikinsa, ya tashi a ƙarshe, kuma shi ya lashe. A zagayen farko na wannan tsere John Woolfe, ɗan Ingila mai zaman kansa da ya sayi sabuwar Porsche 917, ya yi hatsari ya mutu. Daga shekara ta gaba aka soke tashin gudu da ƙafa.

Sayar da motocin tsere ga masu zaman kansu ya zama kasuwa, Porsche kuma ta fi kowa cin ta. A 1979, cikin ruwan sama, ayarin Kremer na birnin Cologne ya yi nasara da Porsche 935. Direbobinsa Klaus Ludwig ne da wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Don da Bill Whittington. Saura 'yan awoyi a gama wani bel na injin ya tsinke a kan doguwar hanyar Mulsanne, Don ya sauka ya yi ta fama da shi a gefen titi, domin doka ba ta yarda kowa ya taɓa mota a wajen rumfa ba sai direbanta. A motar da ta zo ta biyu akwai ɗan wasan fim Paul Newman, yana da shekara 54. A 1980 Jean Rondeau, haifaffen Le Mans, ya lashe gasar da motar da ya ƙera mai ɗauke da sunansa, abin da ba wanda ya sake yi.

Doka ta ware wa ɗan sha'awa gurbi

Da kuɗin tsere ya yi tashin gwauron zabi, ɗan sha'awa ya daina hangen lashe gasar gaba ɗaya. Amma masu shirya ta sun san kamfanoni na zuwa suna tafiya gwargwadon kasuwa, motocin masu zaman kansu ne ke cika layi kowace shekara. Don haka hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kasa direbobi aji huɗu: Filatinam da Zinariya ga ƙwararru, Azurfa ga matasa masu tasowa da masu matsakaicin ƙwarewa, sai Tagulla, wanda akasari ake bai wa waɗanda suka fara tsere bayan sun haura shekara 30. Daga 2011 zuwa 2023 Le Mans na da rukunin GTE Am, daga 2024 kuma LMGT3 ya gaje shi. A duka biyun dole a sami direban Tagulla a mota, kuma sai ya tuƙa aƙalla awa 6. Sau da yawa shi ne mai biyan kuɗin ayarin, kuma da yake ƙwararru kusan gudunsu ɗaya, saurinsa ne ke raba gardama. Ben Keating, dillalin motoci daga jihar Texas, ya zo na farko a rukunin a 2019, aka ƙwace nasarar saboda tankin motarsa ya ɗara ƙa'ida da abin da bai kai lita ɗaya ba. Ya dawo ya lashe a 2022 da 2023.

Nürburgring

A Jamus abin ya ɗauki wani salo. An fara tseren awa 24 na Nürburgring a 1970 da nufin bai wa 'yan sha'awa fage mai sauƙin kuɗi. Hanyar tana ratsa dazuzzuka da tuddan yankin Eifel, zagaye ɗaya ya haura kilomita 25, har a kan yi ruwa a wani sashe wani sashen a bushe. Hans-Joachim Stuck, yana ɗan shekara 19, da Clemens Schickentanz ne suka lashe na farko a cikin BMW 2002. Tsawon hanyar ya sa tana ɗaukar motoci da yawa, a wasu shekarun sama da 200, daga na kamfanoni zuwa ƙananan motocin gida da aka gyara a garejin ƙauye. Wata tsohuwar Opel Manta mai jelar yanyawa a jikin eriya ta shafe shekaru tana shiga, 'yan kallo na yi mata shewa kamar zakara. Sabine Schmitz, 'yar yankin, ta lashe gasar a 1996 da 1997. Saboda tazarar gudu tsakanin motocin, yanzu sai direba ya sami izini na musamman bayan horo da ƙananan tsere kafin a bar shi ya shiga.

Tseren akwala

Mai albashi wanda ba attajiri ba ya sami tasa ƙofar a Amurka. A 2006 ɗan jarida Jay Lamm ya shirya tseren 24 Hours of LeMons a filin Altamont na jihar Kalifoniya. Sunan shaguɓe ne ga Le Mans, domin Amurkawa kan kira akwalar mota da sunan lemon tsami. Sharaɗin shi ne kuɗin mota kada ya wuce dala 500, ban da kayan kariya irin su kejin ƙarfe na cikin mota da birki da taya da kujera. Alƙalai kan duba kowace mota, wadda suka ga an kashe mata fiye da ƙima a zabge mata zagaye. An sha biyan kyautar zakara da tarin kwabban santi biyar, direban da ya yi ganganci kuma a fito da shi a ba shi horo na ban dariya a gaban jama'a. A 2009 John Condren ya kafa ChumpCar, wadda ta koma ChampCar a 2017, mai irin wannan araha amma da ƙarancin raha. A Ingila ana tseren awa 24 da ƙananan Citroën 2CV da C1.

A irin waɗannan gasa direbobi su ne makanikai. Abokai huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi, su yi watanni suna gyaran mota bayan tashi daga aiki, su jawo ta a tirela su kwana a tanti. A ChampCar direba ba ya wuce awa 2 a jere, kuma duk tsayuwar shan mai sai ta kai minti 5, don kada gaggawa ta jawo gobara. Mota na tsayawa a kashe inji, mai zuba mai ya matso da jarka sanye da rigar kariya daga wuta da hular kwano, wani na tsaye da tukunyar kashe gobara. Wanda ya sauka shi ke taya wanda ya shiga ɗaure bel, yana gaya masa kwanar da mai ya zuba da yadda birki ke kamawa. Idan giya ko inji ya lalace da dare, a kan ga ayarin da ake hamayya da shi ya ba da aron kaya ko ya sa hannu a aikin.

Rukuni na ƙarshe na 'yan sha'awa su ne masu tuta, waɗanda ke tsaye a bakin hanya cikin kaya ruwan lemo. Su ke ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa idan akwai hatsari a gaba, da shuɗiya idan mota mai sauri na neman wucewa, su ke kashe wuta da kwashe tarkace. Daga Le Mans, inda yawansu ke haura dubu, zuwa ƙananan filaye na Amurka da Ingila, akasarinsu 'yan sa-kai ne da ƙungiyoyin motoci ke horarwa, kuma ba a fara kowane tsere sai kowannensu ya kama wurinsa.