Kakar 2007: Wasa 18 Ba Faɗuwa, Sai Na 19

Yau ƙwallon Amurka za mu taɓa, wato wadda ake runguma a hannu ana gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Ku bi ni mu koma kakar 2007 ta gasar NFL.

A shekarar nan New England Patriots ba su da sa'a. Sun buga wasa 16 na kaka, sun cinye duka, da maki 589, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Mai jefa musu ƙwallo, Tom Brady, ya yi jifa 50 da suka kai ƙarshen fili, Randy Moss kaɗai ya cafke 23. Amma fa akwai tabo. A makon farko an kama su suna ɗaukar bidiyon alamun da masu horar da New York Jets ke yi wa 'yan wasansu, aka ci kocinsu Bill Belichick tarar dala 500,000. Tun daga nan masu jiran faɗuwarsu suka yi yawa.

Ni a ganina, labarin ya juya ne ranar 29 ga Disamba, a wasan ƙarshe na kaka, da New York Giants. Giants sun riga sun samu gurbin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ko sun ci ko ba su ci ba matsayinsu ɗaya ne. Da wani kocin ne, sai ya ajiye manyan 'yan wasansa gudun rauni. Tom Coughlin ya ƙi, ya zuba su gaba ɗaya. An ci su 38 da 35, to amma sun fita fili da sanin cewa Patriots ɗin nan mutane ne, suna taɓuwa.

Daga nan Giants suka bi Tampa Bay, Dallas da Green Bay har gida suka fitar da su. Ranar 3 ga Fabrairun 2008 aka sake haɗuwa a Super Bowl, a jihar Arizona, Patriots na da nasara 18 a jere.

Dabarar Giants ɗaya ce: kada Brady ya samu sukuni. Michael Strahan, Justin Tuck da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, suka yi ta afka masa. Sau 5 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Duk da haka Patriots ke gaba, 14 da 10, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Sai Eli Manning ya suɓuce daga hannun masu riƙe da rigarsa, ya wurga ƙwallo sama, David Tyree ya yi tsalle ya danne ta a jikin hular kwanonsa, ya faɗi ƙasa bai sake ta ba. Saura daƙiƙa 35 Plaxico Burress ya kammala aiki, aka tashi 17 da 14.

Shi ya sa har yau Miami Dolphins ta 1972 ce kaɗai ta gama kaka ba faɗuwa har da kofi. Tyree kuwa, wanda sau 4 kacal ya cafki ƙwallo a wasanni 16 na kakar, bai ƙara cafkar wata a gasar NFL ba bayan wannan daren.