Fashin Teku a Gaɓar Benin

Fashin teku shi ne kai wa jirgin ruwa hari domin ƙwace kaya, ko jirgin kansa, ko mutanen da ke ciki. Sunan da Turanci da Faransanci ke kiran ɗan fashin teku da shi, wato pirate, asalinsa Girkanci ne, kuma ma'anarsa mai kai farmaki. A dokar duniya ma'anar ta fi ta bakin jama'a ƙunci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ce sai an kai harin a tekun da ba na kowa ba, domin amfanin kai, daga wani jirgi zuwa wani, kafin a kira shi fashin teku. Idan abin ya faru cikin mil 12 daga gaɓar wata ƙasa, fashi da makami ne, kuma hukunta shi na kan wuyan ƙasar. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a Afirka ta Yamma, domin hare-hare da yawa a bakin tashar jiragen ruwa ake kai su.

Benin ta ɗanɗana kuɗarta a 2011, lokacin da aka kai hari kimanin 20 a ruwanta. Jiragen dakon man fetur su ne abin nema. 'Yan fashin kan zo cikin dare a ƙananan jirage masu gudu, su hau jirgin da ke jira a wajen tashar Kwatano, su kashe na'urorin sadarwa, su kaɗa shi can nesa, su zuƙe man zuwa wani jirgi, sannan su saki ma'aikatan bayan wasu kwanaki. A watan Agusta kamfanonin inshora na Landan suka sa ruwan Benin cikin wurare masu haɗari, kuɗin inshora ya tashi, jirage da dama suka ƙaurace wa tashar.

Abin bai tsaya a bakin teku ba: Malanville tana can arewacin Benin, fiye da kilomita 700 daga teku ta hanyar mota, amma a wancan lokaci ita ce ƙofar da kayan Nijar ke bi. A lokacin manyan motoci kan ɗauko shinkafa, sukari da kayan gini daga Kwatano, su bi ta Parakou, su haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya ta Nijar. Duk abin da ya tsayar da jirgi a teku yana shafar direba, ɗan dako da 'yan kasuwar Dendi, Zabarmawa da Hausawa da ke cin abinci a wannan hanya.

Shugaban Benin na lokacin, Boni Yayi, ya kai kuka ga Majalisar Ɗinkin Duniya. A Satumban 2011 Benin da Najeriya suka fara sintirin haɗin gwiwa, sannan Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri kan fashin tekun yankin mai lamba 2018 a Oktoba, da mai lamba 2039 a Fabrairun 2012. A Yunin 2013 ƙasashen yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar Yaoundé ta tsaron teku.

Daga baya salon ya koma garkuwa da ma'aikata don kuɗin fansa. A Nuwamban 2019 an sace ma'aikata 9 daga jirgin Bonita na Norway a wajen tashar Kwatano, kuma a 2020, daga cikin ma'aikata 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne, inda gaɓar Benin take. A 2019 Najeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku, kuma a ƙarƙashinta wata kotun Legas ta ɗaure 'yan fashi 10 a 2021.