Tarihin Shugabancin FIA da Rigingimun Mulkin Tseren Motoci

FIA ita ce hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya. Ita ke rubuta dokoki, ita ke ba direbobi lasisi, ita ke yanke hukunci idan an yi laifi a gasar Formula One, da gasar rali ta duniya, da sauran manyan gasanni. Hedikwatarta tana dandalin Concorde a birnin Faris. Mambobinta kulob-kulob ne na masu motoci daga ƙasashe sama da 140, kuma su ke zaɓen shugaba duk bayan shekara huɗu. Daga 1978 zuwa yau mutum huɗu ne suka riƙe ragamar wasan, kusan kowannensu kuwa sai da ya yi ja-in-ja da masu riƙe da kuɗin tseren.

Asali

An kafa ƙungiyar a 1904 da sunan AIACR, ta zama FIA a 1946. Tun 1922 ta ware wani kwamiti mai suna CSI don ya kula da harkar tsere, kuma a ƙarƙashinsa aka fara gasar Formula One a 1950. Shekaru da dama shugabancin yana hannun 'ya'yan sarauta da attajiran Turai, waɗanda suka ɗauki aikin a matsayin abin alfarma. Kowace tawaga ita ke zuwa ta yi cinikin ladanta da mai filin tsere, a ba ta abin da ya sawwaƙa.

Bernie Ecclestone ne ya sauya wannan tsari. Tsohon dillalin motoci ne ɗan Ingila, wanda ya sayi tawagar Brabham a farkon shekarun 1970. Ya nuna wa sauran tawagogin Ingila cewa idan suka haɗa kai suka yi ciniki da murya ɗaya, babu mai filin da zai raina su. Haka ƙungiyarsu ta FOCA ta yi ƙarfi, ya zama shugabanta a 1978. Lauyan da ke gefensa shi ne Max Mosley, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tawagar March a 1969.

A wannan shekarar ta 1978 aka zaɓi Bafaranshe Jean-Marie Balestre ya shugabanci CSI. Tsohon ɗan jarida ne, mai zafin rai, mai son a san da zamansa. Ya sauya wa kwamitin suna zuwa FISA, ya ɗaura niyyar ƙwato ikon da ya ga yana zamewa zuwa hannun Ecclestone.

Yaƙin FISA da FOCA

A zahiri rigimar kan fasahar mota aka yi ta. Manyan kamfanoni irin su Ferrari da Renault da Alfa Romeo suna ƙera injinsu da kansu, Renault kuma ta shigo da inji mai turbo, mai ƙarfi da tsadar gaske. Tawagogin Ingila, waɗanda Enzo Ferrari ke wa kallon masu gareji kawai, sayen injin Cosworth suke yi, sai su rama da dabarar ƙirar jiki wadda ke sa iska ta manne motar da ƙasa a kan kwana. Da Balestre ya ce zai hana wani ɓangare na wannan dabara saboda haɗari, FOCA ta ce an yi ne don a daɗaɗa wa manyan kamfanoni. Amma abin da ke ƙasa shi ne kuɗin talabijin da kuɗin da masu filaye ke biya.

Wutar ta tashi a Sifen a watan Yunin 1980. FISA ta ci tarar direbobin da suka ƙi halartar taron bayanin da ake yi kafin tsere, aka ƙi biya, ta dakatar da lasisinsu. Ferrari da Renault da Alfa Romeo suka janye, sauran suka yi tserensu a filin Jarama, Alan Jones ya ci, FISA ta ce ba ta san da shi ba, makin ya bi ruwa. A Fabrairun 1981 FOCA ta sake shirya nata tseren a Kyalami ta Afirka ta Kudu, don ta nuna za ta iya tsayawa da ƙafarta. Gaskiya ba ta da kuɗin da za ta daɗe a haka, amma Balestre ma ba shi da motocin da za su cika fili. A watan Maris na 1981 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Concorde. FISA ta riƙe ikon kafa doka, FOCA ta samu damar cinikin talabijin. Duk dukiyar da Ecclestone ya tara daga baya, daga wannan takarda ta samo tushe.

Sulhun bai hana 1982 zama shekarar fitina ba. A Kyalami direbobi suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin Niki Lauda da Didier Pironi, saboda wani sharaɗi a sabon lasisi da zai ɗaure direba ga tawagarsa. Bas suka shiga zuwa wani otal a Johannesburg, suka kulle kansu a ɗaki ɗaya, suka kwana kan katifu a ƙasa don kada masu tawaga su yi ta zarar su ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma batun ruwa. Doka ta ce nauyin mota kada ya gaza kilo 580, kuma an yarda a cika mata mai sanyaya inji da makamantansa kafin a auna ta. Tawagogin Ingila suka maƙala wa motocinsu tankin ruwa, suka ce na sanyaya birki ne. Da an tashi tsere sai ruwan ya tsiyaye, mota ta yi sauƙi ta yi ta gudu, idan an gama a sake cika tanki a hau sikeli. A Birazil Nelson Piquet ya zo na ɗaya, Keke Rosberg na biyu, aka soke sakamakonsu, nasara ta koma hannun Alain Prost na Renault. Yawancin tawagogin FOCA suka ƙaurace wa tseren San Marino, motoci 14 kacal suka fito.

Bayan wannan ne ƙura ta lafa. Balestre ya haɗa shugabancin FIA da na FISA a tsakiyar shekarun 1980, a 1987 kuma aka naɗa Ecclestone mataimakin shugaban FIA mai kula da tallata gasa. Abokin gaba ya shigo cikin gida.

Zamanin Mosley

Abin da ya raunana Balestre ya faru a Suzuka ta Japan a 1989. Ayrton Senna da Prost suka yi karo, Senna ya ci gaba ya ci tseren, aka soke nasararsa, kambun shekara ya tafi ga Prost. Senna ya fito fili ya zargi Balestre da fifita ɗan ƙasarsu. Ko zargin gaskiya ne ko a'a, ya bar tabo. Mosley, wanda a lokacin ya riga ya samu kujera cikin FISA, ya yi ta bin ƙananan kulob-kulob na wajen Turai, waɗanda ke ganin an mayar da su 'yan kallo. A Oktoban 1991 ya kayar da Balestre da ƙuri'a 43 da 29. Tun daga 1978, wannan ne karo ɗaya tak da aka tumɓuke mai kan kujera ta hanyar zaɓe. A 1993 Mosley ya zama shugaban FIA, aka rushe FISA aka mayar da aikinta cikin uwar ƙungiya.

Ke nan mutanen biyu da suka jagoranci tawaye sun riƙe komai: ɗaya doka, ɗaya kuɗi. Adalci ne a faɗi abin da Mosley ya yi na kirki. Bayan mutuwar Roland Ratzenberger da Senna a Imola a 1994, ya tilasta gyaran motoci da filaye tare da likita Sid Watkins, ya kuma mara wa shirin Euro NCAP baya, wanda ke gwada ƙarfin motocin da talakawa ke saya idan an yi haɗari. Wannan aiki ya ceci rayukan da suka fi na direbobin tsere yawa nesa ba kusa ba.

Amma kusancinsa da Ecclestone ya jawo binciken Hukumar Tarayyar Turai, wadda ta ga bai dace mai yin doka ya zama ɗan kasuwa ba. A 2001 aka daidaita: FIA ta tsaya kan doka, ta ba kamfanin Ecclestone haƙƙin kasuwancin Formula One na shekara 100 a kan kuɗin da ya ɗan haura dala miliyan 300. Masu suka har yau suna cewa an yi gwanjo, kuma idan aka duba abin da gasar ke samu a shekara guda yanzu, da wuya a ƙaryata su.

Ƙarshen mulkinsa ya zo da hayaniya. A 2007 aka ci tarar McLaren dala miliyan 100 kan mallakar bayanan sirrin Ferrari. A Maris na 2008 wata jaridar Landan ta fallasa sirrin rayuwarsa, ya kai ta kotu ya yi nasara. Manyan kulob-kulob irin su ADAC ta Jamus da AAA ta Amurka, masu miliyoyin mambobi, suka nemi ya sauka. Da aka kaɗa ƙuri'ar amincewa a watan Yuni, ya samu 103, masu adawa 55. Wannan sakamako ya bayyana yadda mulkin FIA yake: ba a auna ƙuri'a da yawan mambobin kulob, don haka wanda ya kula da ƙananan ƙasashe, ya kai musu tallafi da horo da kujerun kwamiti, ba ya jin tsoron fushin manya. A 2009 ya nemi ƙayyade kashe kuɗin tawagogi a fam miliyan 40. Tawagogi takwas a ƙarƙashin ƙungiyar FOTA, wadda Luca di Montezemolo na Ferrari ke jagoranta, suka yi shelar kafa tasu gasar. Dabarar da Mosley ya yi wa Balestre ita aka juyo masa da ita. Aka sasanta bisa cewa ba zai sake tsayawa ba.

Todt da Ben Sulayem

Jean Todt, tsohon shugaban tawagar Ferrari, shi Mosley ya goya wa baya, ya kuma doke Ari Vatanen da ƙuri'a 135 da 49 a Oktoban 2009. Mulkinsa ba shi da yawan surutu. Ya zarce a 2013 da 2017 ba tare da abokin takara ba. A 2013 David Ward ya so ya tsaya amma ya kasa tara goyon bayan da doka ta gindaya. A zamaninsa ne kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi kasuwancin gasar, ya sauke Ecclestone a Janairun 2017.

A Disamban 2021, kwanaki kaɗan bayan tseren Abu Dhabi da ya ƙare cikin taƙaddama, Mohammed Ben Sulayem na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya doke Graham Stoker da kusan kashi 62 cikin 100. Tsohon direba ne da ya ci gasar rali ta Gabas ta Tsakiya sau 14, kuma shi ne shugaba na farko da ba Bature ba. Bai daɗe ba tsohuwar rigima ta dawo. A Janairun 2023 ya yi magana a fili kan farashin da ake yayata za a iya sayen Formula One, lauyoyin masu gasar suka rubuto cewa ya shiga gonar da ba tasa ba. Ya amince tawagar Andretti ta shigo, masu kasuwanci suka ƙi a 2024. Ya kuma yi ta sa-in-sa da direbobi kan tarar zagi. A babban taron Kigali na Disamban 2024 aka gyara tsarin mulki ta yadda aka rage 'yancin kwamitocin ɗa'a da binciken kuɗi, a Afrilun 2025 kuma mataimakinsa Robert Reid ya ajiye aiki yana kukan yadda ake tafiyar da hukumar.

Zaɓen 2025 tun kafin ranar ƙuri'a aka gama shi. Doka ta ce duk ɗan takara sai ya gabatar da jerin mataimaka bakwai daga yankunan duniya, kuma mutum ɗaya ba zai shiga jeri biyu ba. Daga Kudancin Amurka mutum ɗaya ce ta cika sharaɗi, Fabiana Ecclestone ta Birazil, matar Bernie, kuma tana cikin jerin Ben Sulayem. Cikin masu neman kujerar, Tim Mayer ɗan Amurka ya janye a Oktoba, Laura Villars kuma ta garzaya kotu a Faris, kotun ba ta dakatar da zaɓen ba. A Disamban 2025 aka sake zaɓen Ben Sulayem a birnin Tashkent, shi kaɗai ne ɗan takara, kuma wa'adinsa zai kai 2029.