Kwabo mai huji da injin da ke nemansa

Ta ƙofar zinariya injin gano ƙarfe ya shigo Gana. 'Yan galamse masu haƙar zinariya ne suka fara rataya shi a kafaɗa suna kutsa daji, kamar yadda ya bazu a Sudan, ya kuma kwashi samari zuwa Jado ta Nijar a 2014. Sai daga baya yaran Zongo masu kwana a YouTube suka ga Turawan Ingila suna yawo da shi a filayen shaƙatawa, suna tono sulallan da suka girmi kakannin kakanninsu, sha'awa ta tashi. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin ce a Aboabo cikin Kumasi, kuma a unguwarmu duk abin da ke cin batir, in ya yi gardama, a teburina yake kwana. Ta haka injinan suka riƙa biyowa ta hannuna, kowanne da mai shi da tambayar da ba ta canzawa: "Kawu, wanne ne ya fi nitso?"

Nakan ce musu su zauna tukuna. Wanda bai san irin kuɗin da aka kashe a ƙasar nan ba, da lokacin da aka fara kashe su, aljihunsa kawai zai zazzage wa mai shago.

A zamanin sarakunan Asante, garin zinariya ne kuɗin Kumasi. A ƙyalle ake ƙulle shi, a auna a ɗan ma'auni da duwatsun awo na tagulla masu siffar tsuntsu ko kada ko mutum. Bowdich, Baturen da ya zo a 1817 zamanin Sarki Osei Bonsu, ya rubuta cewa zinariyar da ta zube a kasuwa ta sarki ce, mai son wuyansa ba ya sunkuyawa ya ɗauka, kuma lokaci-lokaci akan kwashe ƙasar kasuwar a wanke, a kai abin da ya fito fada. Ashe tun shekara ɗari biyu da suka wuce an riga masu inji. Ko da an bar saura, inji ba ya jin gari a warwatse cikin ƙasa, sai dai dunƙule.

Akwai Musulmi a Kumasi tun lokacin, malamai masu rubuta wa sarki wasiƙu da layu, amma yawancin fataken Kano da Katsina a Salaga suke sauke kaya. Asante ba ta barin su shiga dajin goro da kansu. A can arewa wuri ne kuɗi, wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldif, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar, har ya yi yawa ya zube daraja. Keso guda wuri dubu ashirin ne, kayan namiji ƙaƙƙarfa, shi ya sa madugu mai hankali ya fi son ya zo da turkuɗi da kanwa da jan fata da dabbobi, a yi musaya da huhun goro. Bayi ma suna cikin hajar kasuwar, ba abin ɓoyewa ba ne. A duk wannan dukiya babu abin da zai sa inji ya yi ƙara. Wuri ƙwanso ne, za ka bi ta kan tukunya cike da shi inji bai ce uffan ba.

Turawa suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta zame daga hannun Asante, yaƙin basasa ya tarwatsa ta a 1892. 'Yan kasuwa suka watsu, wasu Kintampo, wasu Atebubu, wasu suka bi sahun Imam Umaru zuwa Kete-Karachi. A 1896 aka kama Sarkin Asante Prempeh, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, sojojin Hausa na Turawa suka zauna kusa da ganuwar bariki, fatake suka samu hanya har gindin itacen goro. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Daga nan ne Zongo ya zama gari, daga nan ne kuma kuɗin ƙarfe ya shiga hannun kowa. Mutumin da yaranmu ke kallo a Ingila yana tafiya ne a kan sulallan Rumawa na kusan shekara dubu biyu. Namu kwabon bai wuce shekara ɗari da 'yan kai a ƙasa ba.

Ni a gwangwanin kakata na fara ganin sa, wani tsohon gwangwanin alewa da take ajiye allura da maɓallai. A ƙasansa akwai kwabbai a zarge da zare ta hujinsu, sun yi dushi-dushi, suna warin turare da tsatsa. Na ce, "Kaka, wannan kuɗin wasa ne?" Ta ce, "Kai dai maigidan nan nawa ba ka san komai ba, da irin wannan aka yi mini lefe." Ta baje su a tabarma tana kiran sunayensu: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka. Na ɗaga kwabon a rana. Gefe ɗaya kambin sarauta ne a saman hujin, da sunan sarkin Ingila a kewaye, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa. Ɗaya gefen tauraro ne mai ƙusurwa shida, da shekara a ƙasa. Sulen ba shi da huji, kan sarki ne da bishiyar kwakwar manja.

Abin da aka ƙera su da shi ya fi zanensu muhimmanci ga mai inji. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka buga shi, bai jure damina da gumin hannu ba, a 1908 aka koma jan ƙarfe haɗe da nikel, irin na kwabo da ɗari. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sulallanta na azurfa suka fito a 1913, kafin nan kuwa sulen Ingila ne ke yawo. Da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, a 1920 aka mayar da sule da fataka na tagulla. Wato azurfar da yaro ke mafarki, 'yan shekaru kaɗan ta yi tana zagawa, kuma ba a yar da ita: mata sun kai wa maƙera an mayar da ita warwaro da zobe. Akwai kwabon 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka bai cika shekara ba. A Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba, a nan an saki. Labarin da daɗi, amma an buga su da yawa ƙwarai, don haka kada wanda ya tsinta ya fara taya fili.

Bayan 'yancin kai sai canji ya riƙa bin canji. Fam ɗin Gana a 1958. Sidi a 1965, mai hoton Nkrumah, a kan sule takwas da kwabo huɗu, don kwabo ya zo daidai da pesuwa. Aka hamɓarar da shi, a 1967 aka fito da sabon sidi babu hotonsa. A 1979 aka rufe iyakoki aka canza takardu ana zaftare wa mutane kaso, a 1982 aka janye takardar sidi hamsin, a 2007 sidi dubu goma ya koma ɗaya. Yawancin canje-canjen nan sun bar matattun sulalla a gindin akwati da lungun ɗaki. Su ne mafi yawan abin da inji zai tono a Zongo, kuma ko kofin koko ba za su saya ba.

To ina dukiyar masu gidajen goro ta shiga? Wannan ita ce tambayar da ke hana samari barci, don kowace unguwa da labarin tukunyar da wani Alhaji ya binne, aljanu suka gusar da ita. An fi jingina labarin da 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, Zongo ya yi kuka, aka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance. Ni ban gaskata ba. Mai tafiyar da ba ya sa ran dawowa a ɗamara yake ɗaure kuɗinsa, kuma a lokacin babban kuɗi takarda ne, wadda gara za ta gama da ita kafin damina biyu. Asalin jarin Zongo ma amana ne. Baƙo ya sauka gidan maigida, ya damƙa masa kuɗinsa da shanunsa, maigida ya nemo mai saye, ya tsaya wa bashi, ya ɗauki la'adarsa. Riba ta tafi ginin gidan haya, da kujerar Makka, da aurar da 'ya'ya, da jeren kwalla a ɗakin uwargida. Asusun ƙasa da ake binnewa a bayan gado na yara ne da mata, kuma ana fasa shi kafin salla.

Ita ƙasar ma ba ta zauna yadda aka bar ta ba. A 1924, zamanin Sarkin Zongo Malam Sallau, annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, Turawa suka rushe gidaje a tsohon Zongo, aka gina Sabon Zongo. Fadamar Subin, inda kasuwa da Kejetia suke, cike ta aka yi. Abin da ke da zurfi a irin waɗannan wurare ciko ne, ɓaraguzai da guntun kwano da ƙusa. Filin shaƙatawa irin Rattray kuwa a 2015 aka buɗe shi, ciyawarsa dasawa aka yi, ba kuma mai barin ka ka shiga da shebur. Sunan dai na Baturen nan ne da ya buga tatsuniyoyin Hausa na Malam Shaihu a 1913, da ma yaranmu littafin suka nema.

Yanzu maganar inji. Nau'i biyu ne ke shigowa. Akwai wanda ake kira PI, irin su Minelab GPX na masu zinariya. Yana ratsa jar ƙasa da marmara, yana nitso sosai, farashinsa dubban daloli, amma bai iya bambanta ƙusa da sule yadda ya kamata ba. A daji wannan ba matsala ba ce. A filin ƙwallon makaranta, inda aka shekara hamsin ana zubar da murfin kwalba, kowane taku sai ya yi ihu, ka wuni kana haƙa shara. Na biyu shi ne VLF, mai nuna lamba a allo gwargwadon irin ƙarfen da ya ji. Shi ne na mai neman kwabo. Sai dai ƙasar Kumasi cike take da sinadarin baƙin ƙarfe, inji mai arha da ba a iya daidaita shi da ƙasa surutu zai yi ta yi ko babu komai. Maɓallin daidaitawar nan shi ne abu na farko da nake dubawa.

Kamar tashar rediyo, kowane inji da kilohaz ɗinsa. Na ƙasa, wajen huɗu ko biyar, ya fi jin azurfa mai kauri daga nesa. Na sama, sha biyar zuwa ashirin, ya fi kama ƙananan abubuwa da ƙarfe mai nikel. Masu haɗa su a lokaci guda, irin Equinox ko Nokta Legend ta Turkiyya ko XP Deus II ta Faransa, sun fi natsuwa a jar ƙasa. Ga kuma tarkon da kowane sabon shiga ke faɗawa: kwabo mai huji lambarsa ƙasa-ƙasa take, kusa da ta takardar sigari mai ƙyalli da mabuɗin gwangwanin lemo. Yaro ya gaji da tono shara, ya danna a toshe waɗannan lambobi, ya toshe da kwabon da ya fito nema.

Nitson da suke tambaya ba shi da wani sirri. Sule guda a kwance, inji mai kyau zai ji shi a inci takwas zuwa sha biyu, ya ɗan ƙaru bayan ruwan sama. Babban faifai yana ƙara zurfi kaɗan, amma yana haɗa kwabo da ƙusoshi uku a ƙara ɗaya, don haka a wuri mai datti ƙaramin faifai na inci shida ya fi amfani. Kusa da taransifoma ko manyan wayoyin wuta kuwa duk inji rikicewa yake. Wanda ya ce maka nasa yana hango tukunya a mita goma, ko ya nuna maka wani mai eriya biyu da ke juyawa wajen zinariya, rufe jakarka. Na buɗe irinsu a teburina, wayoyin ciki ba su haɗe da komai ba. Jabun manyan kamfanoni ma sun cika kasuwa, kwali da tambari sak.

Kafin tono akwai masu ƙasa. Dokar gidajen tarihi ta 1969 ta hana haƙa neman kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta Gana, kuma dutsen awon zinariya ko ƙoƙon tagulla da Asante ke binnewa da mamaci suna cikin wannan. A nan ba a wasa da abin da ya fito daga ƙasa. Leburorin hanya ne suka ci karo da Kujerar Zinariya ta Asante inda aka ɓoye ta, wasu suka ɓalle adonta suka sayar, a 1921 saura ƙiris ƙasa ta kama da wuta, masu laifin da ƙyar Turawa suka sauya musu hukuncin kisa da kora. Mu kuma baƙi muke a bakin wasu har gobe, bai kamata a ga ɗan Zongo da shebur a filin da ba na ubansa ba. Malamanmu ma suna da nasu: tsintuwa sai an yi cigiyarta shekara guda, binnen mutanen da can kuwa ana fitar masa da humusi, abin da aka tono a tsakar gidan wani kuma akwai magada a kansa.

Wanda duk ya ji wannan bai fasa ba, nakan ce ya ari kwabo mai huji wurin wata tsohuwa, ya haƙa rami inci takwas a jar ƙasar gidansu, ya kwantar da shi, ya sa tsatsattsiyar ƙusa taƙi guda a gefe, ya mayar da ƙasa ya daddanne. Sannan ya kira mai sayar da injin ya zo ya nemo shi da hannunsa, a gaban shaidu, kafin a ƙirga masa ko pesuwa.