Azna de l'Ader: Ƙungiyar Jita Daga Ƙasar Adar

A ɗakunan haɗa waƙa na titin Zoo Road a Kano, daf da Gyadi-Gyadi, fiyano da kwamfuta ne ke mulki. Kusan duk yaron da ya taso a Tarauni yana son waƙa, ta nan ya fara, har wasu na ɗauka Bahaushe bai taɓa riƙe jitar lantarki da gaske ba. Tarihin Tawa, babban birnin Adar a Jamhuriyar Nijar, ya ƙaryata wannan zato.

A can ne aka kafa Azna de l'Ader a shekarun 1970, ƙarƙashin wani makaɗin jita da kowa ke kira Mona. Shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya rasu a Landan a 1970, amma faya-fayansa ba su daina yawo ba, har suka iso bakin Sahara. Mona ya saurara, ya koya, ya ƙware. Sai dai bai tsaya ga kwaikwayo ba, kuma nan ne nake ganin girmansa. Ya ɗauki jitar da ake murɗa wa sauti har ta yi gurnani, wayarta ta ja kuka mai tsawo, ya ɗora ta a kan kiɗan gida, mai maimaituwa yana ƙara zafi irin na dandalin bori. Ganga na bugu ba sassauci, jita na hawa tana sauka, mai sauraro ya rasa inda baƙon kiɗa ya ƙare da inda na gado ya soma. Sunan ma na gida ne: Azna su ne masu riƙe da al'adun kaka da kakanni a Adar.

Zamanin ya taimaka. Gwamnatin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ta raya Samariya da bukukuwan matasa, makaɗan jihohi suka sami fili. Tawa kuwa dama garin kiɗa ne, garin Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa gasar waƙar zamani ta Nijar sunansa.

Takwarorin Azna de l'Ader na kudancin Najeriya, irin su Ofege da BLO, sun sami kamfanonin faifai a Legas, suka haska, cikin 'yan shekaru suka watse. Mutanen Mona ba su sami kamfani ba, amma sun shafe shekaru kusan 40 suna kiɗa, galibi a yankinsu. Sai daga baya kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya fitar da faifansu mai suna Zabaya.

Abin yana min ciwo: kiɗan ƙasar Hausa ne, amma a Turai da Amurka aka fi jin labarinsa fiye da Kano. Matasan Zoo Road, ku nemi Zabaya a intanet ku saurara da kunnen basira, ku kuma masu gidajen rediyon Kano ku sa shi a iska.