Murjanin da Aka Gano da Amsa-Kuwwa

Tun ƙarni na 18 masunta a gaɓar Norwe suke ciro rassan farin murjani a bakin ƙugiyoyinsu. A 1768 Johan Ernst Gunnerus, bishop ɗin Trondheim, ya yi bayaninsa har da zane. Ba irin jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya ba ne. Wannan yana girma ne a ruwa mai sanyi da duhu, inda hasken rana ba ya kaiwa. An san akwai shi, amma aka shafe shekaru sama da ɗari biyu ba a san iyakarsa ba.

Dalilin shi ne kayan awo. Igiya da darma ake zurawa, awo guda ya cinye sa'o'i. Jirgin Challenger na Ingila ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876, awonsa bai kai 500 ba. Bayan nutsewar Titanic a 1912 aka koma ga sauti: a aika ƙara ƙasa, a lissafa lokacin da amsa-kuwwarta ta ɗauka kafin ta dawo. Da wannan dabara jirgin Meteor na Jamus ya yi awo kusan 67,000 a Tekun Atlantika tsakanin 1925 da 1927. Daga baya aka ƙera na'urar da ke watsa sauti kamar buɗaɗɗen mafici, tana share faffaɗan fili a wucewa ɗaya.

Abin lura, masu neman mai ne suka fara haska murjanin. A 1982 ma'aikatan Statoil, suna binciken hanyar shimfiɗa bututu, suka ci karo da tudunsa a arewacin ƙasar. A shekarun da suka biyo baya manyan jiragen da ke jan taru a gindin teku suna ta rugurguza tuddan da suka yi shekaru dubbai suna ginuwa, masunta masu mamari kuma suna kukan kifi ya ragu. Kukan bai isa ba, domin hukuma ba ta iya killace wurin da ba shi a taswira. Da aka zana tudun Sula, Norwe ta hana jan taru a kansa a 1999.

A 2002 aka bankaɗo tudun Røst kusa da tsibiran Lofoten, mai tsawon fiye da kilomita 30, a zurfin mita 300 zuwa 400. Shekara guda kacal aka yi kafin a killace shi.