Haƙƙin Mallaka da Ingancin Kwafi: Nazari kan Fitar da Fina-finan Noir na Amurka a Kaset da Faifai

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda fina-finan noir na Amurka, daga The Maltese Falcon na 1941 zuwa Touch of Evil na 1958, suka iso ga masu kallo a gida. Ta nuna cewa matsayin haƙƙin mallakar fim da irin kwafin da aka samu sun yi tasiri a kan hukuncin da manazarta suka yanke masa.

Gabatarwa

Tun da Nino Frank ya laƙaba wa waɗannan fina-finai suna a Faransa a 1946, sannan Borde da Chaumeton suka fitar da littafinsu a 1955, sharhi ya fi karkata ga jigo: laifi, cin amana, da mutumin da ya rufta ramin da ya haƙa. Ba kasafai ake tambayar wane kwafi mai sharhin ya kalla ba. Wannan giɓi ne babba, domin salon ya dogara ne kacokan a kan haske da inuwa, kamar yadda aikin mai ɗaukar hoto John Alton ya nuna a T-Men na 1947. Kaset ɗin VHS, wanda ya fito a 1976, ba ya iya rarrabe matakan baƙi sosai. Abin da aka tsara a matsayin inuwa mai hawa-hawa sai ya koma dunƙulen duhu.

Fim Marar Mai Shi

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ba da kariyar shekara 28, sai an sabunta. Fina-finai irin su Detour na Edgar G. Ulmer, na 1945, da D.O.A. sun fita daga kariya, suka zama na kowa. Hakan ya yi musu rana ta fuska ɗaya: ƙananan kamfanoni sun baza su a kasuwa da araha, har Detour ya yi sunan da kamfanin PRC da ya shirya shi bai taɓa mafarkinsa ba. Sai dai kayan da ba su da mai shi ba su da mai gyara. Kwafi aka riƙa yi daga kwafi, hoto ya dusashe, murya ta shaƙe, masu kallo da yawa kuwa suka ɗauka haka Ulmer ya yi Detour saboda ƙarancin kuɗi.

Gyaran da aka yi wa Detour a 2018, ƙarƙashin Academy Film Archive da The Film Foundation, ya raunana wannan fahimta. Kwafi mafi kyau an same shi ne a ma'adanar fina-finai ta Beljiyam, ɗauke da rubutun fassara a jikin hoton, dole aka goge rubutun ta hanyar haɗawa da wani kwafin na gidan tarihin MoMA. Faifan da kamfanin Criterion ya fitar a 2019 ya bayyana aiki mai tsafta. Talauci na nan, amma ba ƙazantar da aka jingina masa ba.

Wane Ne Ainihin Fim?

Manyan kamfanoni sun fi jinkiri. Sai 2004 Warner ya fitar da kundin DVD mai ɗauke da Out of the Past da Gun Crazy, Fox ya biyo baya a 2005. Tasu matsalar daban ce. An shafe shekaru ana kallon Kiss Me Deadly na 1955 da guntulallen ƙarshe, wanda ke nuna kamar jaruman fim ɗin, Mike Hammer da Velda, sun hallaka a gobarar wani gida, kuma an gina sharhi a kan haka. Ƙarshen da aka maido a 1997 ya nuna sun tsira zuwa bakin teku.

Touch of Evil ya fi rikitarwa. A 1998 Walter Murch ya sake tace shi bisa takardar shafi 58 da daraktansa Orson Welles ya aika wa kamfanin Universal. Welles ya rasu tun 1985, don haka a ganin wannan maƙala, sigar fassarar nufinsa ce, ba aikin hannunsa ba. Faifan 2008 ya ƙunshi siga uku, ya bar wa manazarci nauyin faɗin wadda ya dogara da ita.